Karsanar Habi

Gudro, hanyar kwalta, ya ƙare a Dakoro. Daga nan sai yashi da sawun motocin da suka riga ka wucewa. Alhusaini ya aro mota mai buɗaɗɗen baya wurin wani abokin aikinsa a Yamai, ya zuba matarsa Kausar da ƴaƴansu biyu, ya ce hutun ƙarshen shekarar nan ba za a cinye shi a gaban allon tele ba. Daji zai kai su, arewa da Badar Gula, inda aka binne cibiyarsa. Zakari, babban, bai taɓa ganin rijiyar da raƙumi ke jan gugarta ba. Habi kuwa, ƙaramar, tana da karsana a garken Rhissa, yayan babanta, ba ta taɓa sa ta a ido ba.

Tun daga Dosso take tambaya.

"Papa, ta san ni?"

"Za ta san ki."

"To wa zai gaya mata ni ce?"

"Ki bar Papa ya yi tuƙi," in ji Kausar. "Saniya ba ta tambayar takarda."

Al'adar gidansu ce. Ranar da aka raɗa wa jariri suna, babban gida zai shiga garke ya nuna dabba ɗaya, ya ce wannan tasa ce. Dabbar ba ta bin yaron. Tana zama wurin mai kiwo, ta haihu, ƴaƴanta su haihu, duk na yaron ne. Muddin tana cikin garken, yaro na da ƙafa a gida, ko a bayan teku aka haife shi. Saniyar da Rhissa ya nuna wa Habi ta mutu a yunwar bara waccan tare da mafi yawan garken, amma ta bar maraƙa. Rhissa ya yaye ciyawar rufin ɗakinsa ya riƙa ba ta har ruwa ya sauka. Ita ce yanzu ta zama karsana. A tungar ba a kiranta da komai sai Ƴar Yamai.

Da suka wuce gonakin gero na ƙarshe, Zakari ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallo.

"Papa, ka ce kore ne."

Ciyawa ce dai iya ganin ido, ta kai cinyar mutum, amma busasshiya, launin tabarmar kaba, iskar gabas na kwantar da ita tana tashe ta. Alhusaini ma bai zaci haka ba, ko da yake da ya tsaya ya yi tunani da ya sani. Yana ɗan ƙarami aka kai shi lakwal, makarantar boko, a Maradi, daga can Yamai, daga can ƙasar Larabawa. Babban hutu kaɗai yake zuwa gida, babban hutu kuwa da damina yake faɗowa. Duk dajin da ke cikin kansa kore ne, jiƙaƙƙe, mai tabkuna da sauro. Labarin wannan dajin ya yi ta ba yaran shekara da shekaru.

"Damina ta wuce," ya ce can daga baya. "In ta wuce haka take."

Tungar ba ta da girma. Ɗakunan kara kaɗan, bukkar tabarma guda, turken awaki, rijiya can ƙasa cikin kwari. Fadimata, matar Rhissa, ita ta fara fitowa tana goge hannu a zane.

"Lale da mijina na birni! Kai, wanga ciki duk naka ne? Kausar, mi kike ba shi, siminti?"

"Shinkafa ce, Yaya," in ji Kausar tana dariya. "Ba ya jin magana."

"Bar mini shi nan in maida shi mutum."

Yaran suka ce, "Bonjur, tanti." Fadimata ta kama kunnen Zakari a hankali.

"Tanti tana Yamai. Nan Inna ce. Wancan mai rawani da ke tahowa kuma Baba ne, ba tonton ba."

Rhissa dogo ne, siriri, rawani ya rufe masa baki. Ya miƙa wa ƙanensa hannu, suka yi ta goga tafi da tafi suna tambayar gajiya da iyali da sanyi da hanya. Da gaisuwa ta ƙare ya dubi takalman Alhusaini masu sheƙi.

"Ɗan lakwal, da waɗanga za ka shiga karangiya?"

Da la'asar ya ja shi bayan tungar suka hau tudu. Daga nan ana ganin komai. Rhissa ya nuna da sanda. Wata hanya ce da aka share, faɗinta ya isa motoci biyu su gifta, ta kewaye dajin kamar zobe, babu ko tsinke a kanta.

"Mu muka yi ta da hannu, mu da gidan Intalla da na Sa'adu da sauran maƙwabta. In wuta ta taso daga hanyar motoci, nan za ta tsaya."

"Aiki ne babba."

"Abin da ke ciki shi ne babban." Rhissa ya tsinki ciyawa ɗaya ya murza a yatsa. "Bana Allah ya ba mu. Ba mu taɓa ta ba tukuna, waje muke kiwo, wagga ajiya ce. In ta kai mu damina, garke ya tashi. In ba ta kai ba, abin da ya saura mini ba ya iya yunwa ta biyu."

Ya faɗe shi ba tare da ya ɗaga murya ba, kamar mai nuna inda rana ke faɗuwa. Suka gangaro.

Garke ya dawo rana na shirin faɗuwa. Rhissa ya shiga tsakiyarsa ya fito da karsana ja mai farin goshi, ƙahonta bai gama fitowa ba. Ya zuba wa Habi gishiri a tafi, ya riƙe mata wuyan hannu. Karsanar ta sunsuna, ta lasa da harshenta mai kaushi. Habi ta yi ƙara, ta janye hannu, ta sake miƙawa.

"Ta san ni! Papa, ta san ni!"

"Gishiri ta sani," in ji Zakari.

Alhusaini yana zaune kan tabarma yana kallonsu, zuciyarsa fari ƙal. A gefe Fadimata na sauke tukunya. Ya lura murhunta a cikin rami yake, an share ƙasa tas nesa da shi ta kowane gefe. Da ta gama ta tura yashi kan garwashin, ta taka, ta yayyafa ruwa, ruwan da jakinta ya sha wuyar hawo da shi daga kwari. Ya ce a ransa, Fadimata dai akwai tsabta.

Washegari Rhissa ya kora garke rijiya. Alhusaini ya ce yau ranar yara ce. Kausar ta ɗauki tabarma da gorar ruwa, suka shiga ciyawar, shi a gaba.

Karangiya ce ta fara yi musu maraba. Ta cika safar Zakari, ta manne a zanen Kausar har ƙugu.

"Baban Habi, wannan shi ne daɗin da kake faɗi?"

"Ki bar sosawa. Da yawu ake cire ta."

"Yawuna bai kai ba. Sai dai ka ara mini naka."

Ya nuna musu sawu a kan yashi. Wannan zomo ne, wannan jan cikin maciji ne, wannan dila. Rabi ya tuna, rabi ya ƙaga. Zakari ya durƙusa ya duba.

"Dila ko karen Baba Rhissa?"

"Dila na ce."

"Karen ya bi nan ɗazu, na gan shi."

"To dila ya riga shi."

Suka tarar da magarya ta yi ƴaƴa jajawur, ya girgiza musu reshe, suka cika aljihu. Ya ba Habi aduwa ta tsotsa, ta ji zaƙi, ta ji ɗaci, ta tofar, ta sake neman wata. Kusa da wurin jakin Fadimata na kiwo, an yi masa dabaibayi don kada ya yi nisa. Habi ta ba shi magarya a tafi kamar yadda aka koya mata jiya. Daga nan suka hau wani tudu mai sanƙon yashi suka yi ta gangarowa da birgima, har Kausar ta aje girma ta yi sau ɗaya. Zakari ya daina tambayar ko akwai rezon waya. Alhusaini ya dubi yaran, yashi har cikin gashinsu, ya ji ya yi daidai da ya kawo su.

A gindin tudun fara ta yi yawa. Kowane taku sai ta tashi fir, ta faɗa gaba. Ganinta ya tuna masa da shi da Rhissa suna yara, ƙarshen damina, sun tsuguna suna lallashin wuta, suna hurawa har ido ya yi ja, ɗanyar ciyawa ta ƙi kamawa, sai hayaƙi. Da wutar ta yarda, sai ƙamshin gasasshiyar fara. Bai taɓa cin abin da ya kai ta daɗi ba, ko a ƙasar Larabawa.

"Ku zo in koya muku abin da ba a koyarwa a lakwal."

Ya nuna musu yadda ake sanɗa, a zo ta baya, a kifa tafi. Habi ta ji tsoro, Zakari ya ƙware nan da nan. Kafin rana ta take, ya cika gwangwanin madara da suka zo da shi, yana toshe bakin da hannu, farar na ta ƙarƙara a ciki.

Alhusaini ya sa ƙafa ya share wuri kamar faɗin tabarmar salla. Ya tara ƙirare da busasshen kashin shanu, ya fiddo alimeti, wato ashana, daga aljihu.

Kausar ta dubi ciyawar da ta kewaye su. "A nan za ka kunna?"

"Nan muka yi ta gasawa muna yara."

"To," ta ce. Ƴar birnin Maradi ce. Shi ne ɗan gida.

Tsinke ɗaya ya ƙyasta, wutar ta kama. Ya yi mamakin sauƙinta, har ya yi murna. Ya ɗauki fara ɗaya ya nuna musu: a cire fiffike, a cire ƙafafu, a tsire ta a tsinke, sannan a kai wuta. Sai Habi ta fara kuka, karangiya ta shige mata tsakanin yatsun ƙafa. Ya juya ya zaunar da ita kan cinyarsa yana cirewa.

Zakari ya gaji da jira, hannunsa kuma ya gaji da toshe gwangwani. Ya kife shi duka a kan wutar.

Fara mai rai ba ta zama a wuta. Suka watse ta ko'ina, wasu da wuta a fiffike, suka faɗa cikin ciyawa bayan inda aka share.

Da farko babu ko ƙara. Wani ɗan baƙin tabo ne ya bayyana, kamar an ɗiga tawada, yana faɗaɗa. Da tsakar rana harshen wuta ba ya ganuwa sosai. Alhusaini ya ture Habi ya tashi ya take shi. Ya take na biyu. Da ya waiwaya, na uku ya kai tsayin Zakari. Kausar ta juye masa gorar ruwa duka, ya yi tsuwa ya ci gaba. Alhusaini ya tuɓe riga ya shiga duka, rigar ta kama, ya jefar. Iskar gabas ta zo ta ɗauki wutar ta shimfiɗa ta, sai ga ƙara kamar ana yaga sabon yadi, ba iyaka.

"Ku hau tudu! Kausar, kai su kan yashi!"

Ta ja yaran suka hau. Wutar ta ba su baya, ta nufi yamma, ta nufi tsakiyar ajiyar, tana gudun da mutum ba ya yi.

Hayaƙi a daji ba ya bukatar ɗan aike. Mai ban ruwa ya saki guga, mai cin abinci ya tsame hannu. Suka ɓullo ta ko'ina, wasu kan raƙuma, wasu kan moto mai ƙafa biyu, wasu a ƙasa, kowa da reshen anza mai ganye ko jiƙaƙƙen buhu. Ba wanda ya tambayi kowa komai. Suka yi layi ta gefen wutar suna duka, suna matse ta, tana kuɓucewa ta gaba. Mata suka kora awaki kwari, suka fitar da tabarmi da buhunan gero tsakiyar fili.

Wani ya jefa wa Alhusaini reshe. Ya shiga layin ba riga. Ya yi ta duka har ganyen ya ƙare ya rage sanda, ya karyo wani da hannu, bai ji ƙayar ba. Hayaƙi ya rufe masa ido, takalmansa suka yi laushi a ƙafa. A damansa wani tsoho ne mai farin gemu, yana duka a hankali, ba ya ɓata ko ɗaya. Shi ne Intalla, maƙwabcin da Rhissa ya ambata. Can Rhissa ya wuce ta gabansu da buhu a hannu, rawaninsa ya warware, fuskarsa a buɗe. Alhusaini ya rabu da ganin bakin yayansa tun suna samari. Rhissa ya dube shi, ya dubi gindin tudun inda baƙin ya faro, siriri kamar bakin mazurari, ya wuce.

Jakin Fadimata suka tarar a hanya. Ya yi ƙoƙarin gudu, dabaibayi ya hana shi. Yana kwance, gashinsa ya tafi, yana numfashi tukuna. Intalla ya tsaya ya dube shi, ya ce wa wani mutum ya kawo wuƙa, ya koma layi.

Ba su suka kashe wutar ba. La'asar sakaliya ta isa hanyar da aka share ta yamma, ta yi ta lasar bakinta, ba ta sami abin ci ba, ta kwanta. An yi hanyar don wutar da za ta zo daga waje. Ta tsare ta ciki, ta hana ta fita. Ciyawar mutanen waje ta tsira. Abin da ke cikin zoben kuwa, in ban da ɗan gefen gabas da bai kai a zo a gani ba, ya zama toka.

Maza suka taru gindin wata aduwa kusa da tungar, kowa baƙi ƙirin, ana zagaya ƙwaryar ruwa. Alhusaini ya karɓa ya kasa riƙewa. Sai lokacin ya ga tafukansa, fata ta tashi ta fashe. Intalla ya gama kurkure baki, sannan ya ce:

"Rhissa, masu gandun daji za su zo. Hayaƙin ga an gan shi har Badar Gula. Kafin su tambaye mu, mu tambayi kanmu. Wutar wa ce?"

Alhusaini ya buɗe baki.

"Wutar gidana ce," in ji Rhissa.

Intalla ya daɗe yana kallonsa. Kowa a wurin ya ga inda baƙin ya faro, kowa ya ga baƙuwar mota.

"Gidanka," ya ce.

"Gidana."

"To. Shanuna na cikin ajiyar ga kamar naka. Na Sa'adu ma haka."

"Na sani. Inda duk na sa ƙafa, naku ne gaba, nawa baya."

"Allah shi kyauta," in ji Intalla. Ya dafa sandarsa ya tashi, sauran suka bi shi.

Da suka rage su biyu, Alhusaini ya ce, "Yaya, akwai dusa a Dakoro. Akwai ƙwayar auduga. Zan yi ta aikowa, mota bayan mota, har damina."

Rhissa yana naɗa rawaninsa. Ya gama, ya ja shi ya rufe baki.

"Je ka a sa ma magani a hannu."

Fadimata ce ta sa masa. Ta shafa man shanu, ta yaga tsohon zane ta naɗe. Ba ta tsokane shi ba. Can gefe Kausar ta rungume Habi, Zakari ya zauna shi kaɗai ya juya wa kowa baya.

"Jakinki," in ji Alhusaini.

"An gaya mini."

"Ba wanda ya ce mini kada in kunna."

Bai san abin da ya sa ya faɗi haka ba. Ta ɗaure ƙullin ƙarshe, ta ja shi da ƙarfi.

"Da baƙo ne kai, da mun gaya ma tun kana sauka daga mota. Kowane baƙo muna gaya mishi. Wa zai ce ma ɗan gida wuta tana ci?"

Da gari ya waye an fara kwance tungar. Mata na naɗe tabarmi, maza na ɗora wa raƙuma kaya. Warin toka ya shiga komai, har furar da aka ba yara. Ba wanda ya san takamaimai inda za a nufa. Wasu sun ce gabas akwai saura, wasu sun ce an riga su.

Alhusaini yana sa jakunkuna a mota da gwiwar hannu, sai ga Rhissa yana tafe, igiya a hannunsa, karsana ja mai farin goshi a bayansa.

"Yaya, mene ne haka?"

"Ta Habi ce."

"Na sani. Ai wurinka take."

"Inda za mu, rijiyar mutane ce, ciyawar mutane ce. Kowane baki sai na roƙa mishi. Zan roƙa ma na Intalla, in roƙa ma na Sa'adu, in an bar saura in roƙa ma nawa."

"Baki ɗaya ne, Yaya. Kai ka yaye rufin ɗakinka saboda ita."

"Na yaye."

"Jiya gaban mutane ka ce wutar gidanka ce."

"Haka take. Jiya."

Ya miƙa igiyar. Alhusaini ya tsaya da hannuwansa naɗaɗɗu, bai karɓa ba. Habi ce ta sheƙo a guje ta cafke.

"Da ita za mu? Baba Rhissa, har Yamai? Maman, da ita za mu!"

Rhissa ya tsuguna, ya kwance wani ɗan ƙullin gishiri daga bakin rawaninsa ya sa mata a aljihu.

"Kaɗan-kaɗan za ki riƙa ba ta. In ya yi yawa ƙishirwa take ji."

Ya kira maza suka ɗaga karsanar, tana harbi, suka kwantar da ita bayan mota, suka ɗaure ƙafafunta. Rhissa da kansa ya gwada ƙullin. Sannan ya zo ya tsaya gaban ƙanensa. Bai miƙa hannu ba, hannun ma babu na karɓa.

"Mun gode da ziyara. Allah shi kai ku lahiya. A gaida mutanen Yamai."

Haka ake sallamar masu rigakafi da masu ƙidaya. Fadimata ta ɗago daga tabarmar da take naɗewa.

"Sauka lahiya, Mushe Alhusaini," ta ce, kamar yadda ake kiran baƙon ma'aikaci daga birni.

Hanyar fita ta ratsa ta tsakiyar ƙunar. Baƙi dama, baƙi hagu, kututturan magarya na hayaƙi tukuna, shirwa na yawo sama tana neman abin da ya gasu. Alhusaini na tuƙi da tsintsiyar hannu, kowane rami sai ya ji shi har ƙwaƙwalwa. Suka tsallake hanyar da aka share, ciyawa ta dawo, launin tabarmar kaba, kamar ba abin da ya faru.

"Papa," in ji Zakari. "Ni ne ko?"

"Ni na kunna."

"Amma ni na zuba."

"Ni na kunna, na ce."

Yaron ya maida fuska taga.

Habi ta durƙusa kan kujera, ta juya baya, ta manna goshi a gilashi tana yi wa karsanar hira. Ta gaya mata sunan lakwal ɗinsu, da sunan ƙawarta, da cewa a Yamai akwai kogi. Can ta waiwayo.

"Papa, me za ta ci a gidanmu?"

Gidansu na haya ne, tsakar gidan siminti, ko akuya mai gidan bai yarda a ɗaure ba. Kausar ta dubi mijinta, ta kau da kai.

Rana ta take lokacin da dogon ƙarfen rezo na Dakoro ya bayyana. Kafin a shiga gari, ta hannun hagu, akwai kara, inda ake cinikin dabbobi. Ranar kasuwa ce. Ga raƙuma a gurfane, ga shanu an jera, ga manyan motocin kudu sun buɗe baya suna jira. Wani dillali ya hango jan goshi da fari a bayan mota, ya ɗaga sanda ya fara tahowa tun kafin su tsaya.

Alhusaini ya rage gudu, ya karya hagu.

"Nan za mu saya mata ciyawa?" in ji Habi.

Ya kashe motar. Ya zauna yana kallon hannuwansa, man shanu da jini sun ɓullo ta zanen.

"Ba ta gishirin," ya ce. "Ba ta duka."